Yadda ake auna walwalar zuciyar mai ciwon baifola

Ciwon baifola yana juya mai shi tsakanin hali biyu. Wani lokaci ciwon ya tashi, barci ya ƙaurace, surutu da kashe kuɗi da jin ƙarfi su wuce kima. Wani lokaci kuma baƙin ciki ya danne mutum har wanka ya zame masa aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 40 ne ke fama da shi a shekarar 2019. Wannan bayani na ma'aikatan jinya ne da ɗaliban da ke ganin irin waɗannan marasa lafiya a Garwa da Marwa na arewacin Kamaru da asibitocin karkara, inda likitan ƙwaƙwalwa ke da wuyar samu. Na ɗauka an riga an tabbatar da ciwon, an kuma ɗora mutum a kan magani. Abin da ya rage shi ne a san ko rayuwar tana yi masa daɗi, domin lafawar ciwo ba ta nufin walwala ta dawo.

Da farko ka zaɓi ma'auni ɗaya ka tsaya a kansa. Akwai na masaniyar halayyar ɗan Adam Carol Ryff na 1989, mai duba fannoni shida, ciki har da yarda da kai, kyakkyawar mu'amala da mutane da samun manufa a rayuwa, amma yana da tsawo, kuma mai layin marasa lafiya a bakin ƙofa ba zai iya da shi ba. Ka ɗauki WHO-5, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta fitar a 1998. Kyauta ne, shafi ɗaya ne, kwafinsa ba zai ci sefa mai yawa ba. Tambayoyinsa biyar kan makonni biyun da suka wuce: fara'a, natsuwa, kuzari, tashi daga barci a wartsake, da samun abin sha'awa a harkokin yau da kullum.

Mataki na biyu shi ne inda sababbin ma'aikata suka fi faɗuwa, don haka kada ka taɓa takardar tukuna. Sake duba tambayoyin nan biyar, ka tuna da mutumin da ciwonsa ya fara tashi. Fara'a har kunne, kuzari ya yi masa yawa, ya yi barcin awa uku ya tashi garau, kuma komai na duniya yana ba shi sha'awa. Zai ci maki kusan duka. Na sha ganin ɗalibi ya rubuta “ya samu sauƙi ƙwarai” a katin mutumin da matarsa ke zaune a gefe ta zabga tagumi, saboda cikin kwanakin ya rabar da jarin shagonsa kuma ya hana gidan barci da shirin sabon kasuwanci. Makin da aka samu a wannan hali ba na walwala ba ne, alamar ciwo ce.

Saboda haka ka fara da barci. Ka tambaye shi, “Malam, ƙarfe nawa ka kwanta jiya, ƙarfe nawa ka tashi?” Sannan da izininsa ka juya ga wanda ya rako shi: “Hajiya, haka kika gani?” Ka saurari saurin maganarsa, ka lura ko za ka iya katse shi. Idan kana da ma'aunin Altman na 1997, wanda ke auna tashin ciwon da tambayoyi biyar kan mako guda, ka yi amfani da shi. Maki 6 zuwa sama yana nuna ciwon na iya kasancewa a tashe. In haka ne, ka ajiye WHO-5 zuwa wani zuwan, ka sanar da likita a ranar. Watan azumi yana bukatar ƙarin lura, domin sahur da sallar dare suna sauya barcin kowa, sai ka tambaya ko mutum yana ramawa da rana ko kuwa ba ya jin bukatar barcin sam.

Idan ciwon bai tashi ba, sai ka shiga tambayoyin WHO-5, a harshen da mutum ya fi sakewa, Hausa ko Fulatanci ko Faransanci, kuma kai da shi kaɗai, domin kunya ba za ta bar matashiya ta ce ba ta jin daɗin gida a gaban surukarta ba. Kada ka karɓi “lafiya lau” a matsayin amsa. Ka ɗaure masa makonni biyun da Juma'a ko ranar kasuwa. Ga wanda bai yi karatu ba, ka zuba tsakuwa biyar a tebur: ya ɗauki duka idan abin kullum ne, ya bar su idan ko sau ɗaya bai ji ba.

Kowace tambaya tana da maki 0 zuwa 5. Ka haɗa makin, daga 0 zuwa 25, ka ninka sau 4 ya koma bisa ɗari. Ƙasa da 13 kafin ninkawa yana nufin a binciki baƙin ciki, da ma'aunin baƙin ciki na PHQ-9 in akwai, kuma ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. In ya ce eh, kada ya tafi shi kaɗai. Ka rubuta makin tare da awannin barci da maganin da yake sha, ka maimaita duk zuwa. Bambancin maki 10 bisa ɗari tsakanin zuwa biyu ya isa a kai wa likita katin, ko sama ya yi ko ƙasa.