Kaye ɗaya da ka iya ya fi goma da ka gani a waya

Samarin da ke zuwa koyon kare kai a nan Jos, yawancinsu da kwaɗayin kaye mai ban sha'awa suke zuwa. Yaro ya kalli bidiyo a YouTube, ya ce sai ya ɗaga ƙato ya wurgo shi ta kafaɗa. To, idan wani ya ci kwalarka a lungun Gangare ko cikin cunkoson Taminus, ina filin wannan? Taɗiya ce za ta fisshe ka: ka matso ƙirji da ƙirji, ka share masa ƙafa ta baya da taka. Masu judo suna ce mata osoto gari. Ka maimaita ta har ƙafarka ta haddace kafin ka nemi wata.

Babban kuskuren dai shi ne dogaro da ƙarfi. Sai ka ga mutum yana ja yana nishi, abokinsa na tsaye ƙyam kamar turmi. Jigoro Kano, wanda ya kafa judo a Tokyo a 1882, ya ba da muhimmanci ga abin da ake kira kuzushi, wato ka fara raba mutum da tsayuwarsa kafin ka kai masa ƙafa. 'Yan kokawarmu ma sun san wannan, ko da ba su sa masa suna ba. Ka tura shi har nauyinsa ya koma kan diddigen ƙafar da kake nufi, sannan ka share. Idan ka riga ka kai ƙafa alhali yana daram, kai ne za ka sha ƙasa. Lokacin hunturu ma an yi maka sauƙi, don rigar sanyin Jos akwai daɗin riƙo.

Wasu kuma ba sa son koyon faɗuwa, wai raini ne. Ka manne haɓa a ƙirji, kada ka tokare ƙasa da miƙaƙƙen hannu. Nan wuyan hannu ke karyewa.

Sai bin mutum ƙasa. A kan katifar atisaye babu laifi, amma a titi ba ka san abokansa nawa ke bayanka ba, ko me ke aljihunsa. Ya faɗi, kai kana tsaye, sai ka ari ta kare. Kuma kwalta ba katifa ba ce: idan ƙeyarsa ta bugu, kai za a nema a caji ofis. Shi ya sa nake sa ɗalibai su riƙe hannun rigar wanda suka kayar har sai bayansa ya sauka.