Matatar ruwa ta yashi da gawayi

Samu bokitin roba mai cin lita 20, ka huda gindinsa da ƙusa, ka shimfiɗa farin ƙyalle a ciki. Zuba tsakuwa tsayin yatsa ɗaya, sai gawayi, sai yashin rafi, ka ɗora tsakuwa kaɗan a sama don kada zubin ruwa ya tone yashin.

Wanke yashin tukuna har ruwansa ya fita garau. Gawayin kuwa na itace, wanda kalanzir bai taɓa ba. Daka shi kamar ƙwayar masara. In ya zama gari, toshewa zai yi.

Ruwan farko baƙi yake fitowa, zubar da shi. Laka da wari kawai matatar ke ragewa, ba ta kashe ƙwayoyin cuta, don haka tafasa kafin sha.