Babi na 6: Tsohuwar Motar Tsere da Ciwonta Mai Dawowa

Wannan babi na mai tsohuwar mota ce mai ƙofa biyu, irin gajerun nan masu gudu da cikinsu ya kusa shafar ƙasa, kamar Toyota Celica ko Honda Prelude, da kuma direban da maigida ya damƙa wa amanarta. Yawancinsu tokumbo ne da suka kai shekara 20 ko suka haura. An ƙera su ne don buɗaɗɗiyar hanya, sai ga su suna rarrafe a gosulon Agege da Mile 12 a Legas, ga zafi, ga ruwan damina. Shi ya sa ake gyara abu yau, bayan mako biyu ya dawo.

Kafin komai, ɗan'uwa, nemi ƙaramin littafi da biro ka ajiye a motar. Duk ranar da ta yi gardama, rubuta kwanan wata, da abin da ta yi, da inda ta yi shi: a tsaye cikin gosulo ne ko tana gudu. Ko rubutunka bai miƙe ba tukuna, rubuta. Kai za ka karanta, ba wani ba.

Darasi na 1: Mota tana zafi

Dubi allon da ke bayan sitiyari. Akwai agogo mai haruffa biyu, C da H. Harafin C yana nufin sanyi, harafin H yana nufin zafi. Ɗauki biro ka rubuta su sau biyar-biyar, har idonka ya saba da su. Allurar lafiyayyar mota tana zama a tsakiya ko ƙasa kaɗan. Da zarar ta doshi H, sauka gefen hanya ka kashe inji.

Yanzu ga wurin da masu koyo suka fi yin kuskure, don haka a natsu. Kada ka buɗe murfin lagireto inji yana da zafi. Ruwa a tukunya yana tafasa a digiri 100, amma murfin nan yana danne ruwan lagireto har ya wuce haka bai tafasa ba. Kana murɗa murfin, dannewar ta tafi, ruwan ya tafasa nan take ya yi tsiri zuwa fuska da hannu. Jira awa 1 cur. Bayan awa 1, sa tsumma ka matsa babban tiyon roba na sama, wanda ya fito daga inji ya shiga lagireto. In ka ji shi da tauri kamar taya, ko da zafi, ba a buɗewa. In ya yi laushi ya huce, to bismillah.

Mu sake. Ka kashe inji. Ka jira awa 1. Ka matsa tiyo. Sai ya yi laushi sannan hannunka ya je kan murfi. Ba komai in ka manta jerin a karon farko, kowa da haka ya fara. Karanta shi da ƙarfi sau uku.

Da inji ya huce, ɗora tsumma a kan murfin, murɗa shi rabi zuwa hagu, ka dakata. In ka ji huci, bari ya gama fita. Sannan ka danna ka ƙarasa murɗawa. Juya murfin ka dubi robar da ke ƙarƙashinsa. In ta tsage ko ta bushe tana farfashewa a yatsa, ka sami ɓarawo ɗaya. A saman murfin akwai lamba, galibi 0.9 ko 1.1 a motocin Japan. Kwafe ta a littafinka, ka tafi da tsohon murfin zuwa Ladipo, kasuwar kayan mota, ka sayi mai lamba iri ɗaya.

Ruwa ya kamata ya cika har wuyan lagireto. A gefe kuma akwai farar jarkar roba mai layi biyu. MIN shi ne layin ƙasa, MAX shi ne na sama, ruwa ya tsaya tsakaninsu. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin tsatsa da farin dutse a cikin siraran hanyoyin lagireto, su toshe su sannu a hankali. Haɗa ruwan lagireto mai launi rabi, tataccen ruwan batir rabi. Ruwan batir marar asid ake nufi, a kula.

Nan littafinka zai yi maka rana. In zafin a gosulo yake zuwa, amma da hanya ta buɗe allura ta sauko, zargi fanka. Kunna inji, kunna na'urar sanyi, ka leƙa daga nesa, hannu a baya. A yawancin motoci fankar za ta tashi. In ba ta tashi ba, duba fiyus ɗinta a baƙin akwatin da ke kusa da batir: zare shi ka ɗaga a haske, in siririyar wayar ciki ta tsinke, ya ƙone. Sa mai lamba irin tasa. In kuwa zafin sai kana gudu a gadar Third Mainland ko hanyar Ibadan yake zuwa, to ruwa ne ba ya zagayawa yadda ya kamata: ko lagireto ya toshe, ko tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya yi zafi, ya maƙale, ko famfon ruwa ya gaji. Za ka sami mai ce maka a cire tamostat a jefar, wai ƙasarmu ba sanyi. Kada ka yarda. Injin da ba ya kai zafinsa na aiki yana shan fetur fiye da ƙima. Sabon tamostat ake sawa, a dubi lambar tsohon, sau da yawa 82 ce.

Abin da ya fi sa zafi ya dawo bayan an yi gyara shi ne iska da ta maƙale a ciki. Ga yadda ake fitar da ita. Da safe, inji da sanyi ƙalau, ajiye mota hancinta yana ɗan kallon sama. Buɗe murfi, cika ruwa, juya makunnin ɗumama cikin mota zuwa ja, kunna inji murfi a buɗe. Za ka ga kumfa tana ɓulɓulowa, ruwa yana sauka. Riƙa ƙarawa har kumfa ta ƙare, kamar minti 15 zuwa 20, sannan ka kashe ka rufe. Wani zai ce, ai ga shi an bar murfi a buɗe inji yana aiki. Ba ɗaya ba ne. Nan tun da sanyi aka buɗe shi. Murfin da yake rufe har inji ya yi zafi, ba a taɓa shi sai bayan awa 1, sai tiyo ya yi laushi.

Haba jama'a, wannan magana an faɗe ta an maimaita, amma har yanzu sai ka ga babban mutum mai iyali ya naɗe hannu da riga ya tasam ma murfi mota tana huci, wai sauri yake. Saurin me? Fatar fuska ba a sayar da ita a Ladipo. A ji tsoron Allah a jira.

Aiki: rubuta matakai huɗu da ake bi kafin a buɗe murfin lagireto, ba tare da ka leƙa littafi ba.

Darasi na 2: Ta ƙi tashi da safe

Ka murɗa makulli ka ji ƙas-ƙas-ƙas, inji bai juya ba. Kafin ka sayi batir, dubi kawunansa. Ɗaya yana da alamar +, galibi da jar hula, ɗaya yana da alamar −. Danshin Legas yana tara farin gari ko kore a kansu, wuta ta kasa wucewa. Da sifana mai lamba 10, fara kwance mai −, sannan mai +. Dalili: in ka fara da + sifana ta taɓa ƙarfen mota, wuta za ta tashi. Wanke da ruwan zafi, goge da burushin ƙarfe, ka mayar da + tukuna, − a ƙarshe, ka shafa ɗan giris. Ɗaure har ya ƙi juyawa da hannu.

In kana da mitar awon wutar batir, cikakken batir yana nuna 12.6 inji a kashe. Inji yana aiki, ya nuna wajen 14. In bai wuce 12 da ɗoriya ba, altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, ba ta caji, ko bel ɗinta ya saki, kuma sabon batir ma mutuwa zai yi.

Darasi na 3: Inji yana rawa

Yawanci filogi ne ko koyil, musamman bayan an ratsa ruwa. Inji ya huce tukuna. Zare filogi ɗaya-ɗaya da soket mai lamba 16, kada ka rikita wayoyin. In bakin filogi ruwan toka ne, lafiya lau. In kuwa jikin filogi ya jiƙe da mai ta sama, baƙin mai ne ke zubowa daga gasket ɗin murfin inji. A canza gasket, in ba haka ba sabon filogi ma zai jiƙe.

Darasi na 4: Baƙin mai yana raguwa

Shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota ta kwana, da safe ka ga inda ya ɗiga. Zare sandar awo, goge, mayar, sake zarewa, sannan ka karanta. In man ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga. Kada ka kunna ta, kira bakanike.

Darasi na 5: Ƙara a ƙasa

Motar gajera ce, tana bugun tudun rage gudu. Duba robobin da suka rataye salansa. Kada ka shiga ƙarƙashinta a kan jak kaɗai.