Yadda zaka yi kiwon zomo a sake a ƙasa, ba keji

Duk wanda ya taɓa ajiye zomo a keji cikin watan Afrilu ya san aikin da zafi yake musu. Zomo baya gumi, ta kunne yake fitar da zafin jikinsa, da zarar zafi ya haura digiri 30 ya fara wahala kenan, namijin ma barbararsa sai ta daina kamawa. Shi yasa sakinsu a ƙasa yafi dacewa da yanayinmu, su shige rami da rana inda akwai sanyi, yamma tayi su fito kiwo. Amma fa kai zaka yi musu ramin, kar ka bari su haƙa nasu.

Ka samu lungu a gida inda ruwa baya kwanciya, in akwai inuwar darbejiya ma yafi. Fili mita 3 da mita 4 ya ishi mata 5 da namiji 1 harda 'ya'yansu. Ka tone ƙasar wajen rabin mita, ka shimfiɗa ragar waya mai kauri ko ka jera bulo, sannan ka mayar da ƙasar a kai, in ba haka ba wlh wata rana a gidan maƙota zaka tsince su. Katanga ta bulo, sama a rufe da raga saboda shaho da muzuru, idon ragar ya zama ƙanana dan gafiya da maciji, 'ya'yan suke bi. Rabin wajen a kafa rumfa.

Toh maganar rami. Ka samu randa ko tsohon bokitin fenti babba, ka huda gefe ka zura faif mai faɗin inci 6 ya zama ƙofa, ka binne a ɗan tudu, bakin randar na sama ka ɗora murfi mai nauyi. Ramukan su fi matan yawa, dan kar a yi faɗa akan ɗaki. Dalilin wannan wahalar shine in mace ta haƙa nata, can ciki zata haihu ta toshe bakin da ƙasa, sau ɗaya kawai take shiga shayarwa a rana, kai kuma baka san nawa ta haifa ba, baka san ko wani ya mutu yana ruɓewa a cikin sauran ba, ga ruwan Agusta in ya sauko ya cika ramin shikenan an tafka asara. Da randa kuwa murfi kawai zaka ɗaga ka leƙa. Ka zuba mata busasshiyar ciyawa, ita zata tsige gashin cikinta ta ƙarasa shimfiɗar.

Cikin zomo kwana 31 ne, kuma ranar da ta haihu ma tana iya ɗaukar wani. Mutane suna murna da wannan, ni dai bana so, uwar ramewa take 'ya'yan su zo ƙanana. Ka ware wa namijin nasa gefen da raga, sai 'ya'ya sun kai sati 4 zuwa 6 an yaye su ka sake shi. Manyan maza biyu basa zama waje ɗaya, har marainan juna suke cizo, dan haka samari su na wata 3 ka kwashe su. Lokaci lokaci ka canza namiji daga wani gidan kar ya riƙa hawa 'ya'yansa.

Abinci ba wuya, harawar gyaɗa ko ta wake, dusa, ganyen dankalin Hausa, zogale kaɗan. Ɗanyen ganye a barshi ya ɗan sha iska tukuna. Masu cewa zomo baya shan ruwa kar ka saurare su, mai shayarwa ma tafi kowa sha.

Babbar matsalar kiwon ƙasa cutar koksidiya ce, ta kashi take yaɗuwa, zaka ga 'yan yaye suna zawo ciki ya kumbura, in ka yanka ka tarar da fararen ɗigo a hanta. Dan haka a rataye harawa sama, kar a watsa a ƙasa, wajen ya zauna a bushe, lungun da suke kashi (waje ɗaya suke zaɓa) a riƙa kwashewa, taki ne mai kyau ma. Kirci a kunne ko hanci kuma likitan dabbobi zai musu allurar ivermectin. Sabon zomo daga kasuwa a ware shi sati 2 kafin a haɗa.

Irin New Zealand White ko Chinchilla in sun ƙoshi wata 3 zuwa 4 suna kai wajen kilo 2, na gida sun fi jinkiri. Kamun ne aiki a fili, sai ka saba basu dusa a ɗan ƙaramin lungu mai ƙofa, ranar yanka su shiga ka rufe kawai. Kuma banda ɗagawa ta kunne, fatar kafaɗa zaka kama ka tallafo ƙugun da ɗaya hannun.