Yadda za ki gane ko kalar abinci ce ke sa yaronki rashin natsuwa

Abu na farko juya kwalbar lemon ko ledar alawar da kike sa masa a kula, karanta ƙananan rubutun nan na baya da kowa ke tsallakewa. Nemi E102, E104, E110, E122, E124 da E129, waɗannan kaloli shida su aka gwada a jami'ar Southampton ta Ingila a 2007 haɗe da E211 mai hana abin sha lalacewa, aka ga wasu yaran ƙiriniyarsu ta ƙaru. Shi ya sa Tarayyar Turai ta ce dole a rubuta gargaɗi a jikin kayan.

In ya dawo harshe jawur ko lebe ruwan ɗorawa, to alama ce ya ci ko ya sha abu mai kala.

Sai ki cire masa kayan da ke da waɗannan kalolin kamar sati biyu, ki samu ɗan littafi kina rubuta me ya ci, yaya ya yi barci, ki roƙi malamarsa ta lura ko yana zama a kujera. Idan makarantar ce ke ba da abincin, tambaye su su nuna miki kwalin. Amma fa ba kowane yaro abin ke taɓawa ba, wani rashin barci ne kawai, in abin ya ci gaba a ga likita.