Kurakuran da ake yi wajen gane malam buɗe littafi mai jela

Waɗannan manyan malam buɗe littafin da masana ke kira Papilionidae sun haura iri 500 a duniya, kuma kuskuren farko da kusan kowa ke yi shi ne ɗaukar cewa dole sai yana da jela a fiffiken baya irin ta tsattsewa. Ba haka bane. Wanda yake yawo a gonar lemu nan wajenmu a Afirka, baƙi mai ɗigo-ɗigon rawaya, Papilio demodocus kenan, ba shi da jela ko kaɗan amma ɗan gidan ne.

Sai masu saka hoto a intanet su ce wai na Turai ne suka gani a lambu. Na Turai, Papilio machaon, yana da jela, rawayarsa ta fi yawa, kuma tsutsarsa ganyen dangin karas take ci ba lemu ba, a Ingila ma sai a fadamun Norfolk kawai yake hayayyafa. Wanda zai ruɗa ka da gaske shi ne na Asiya, Papilio demoleus, shi ma lemu yake ci shi ma babu jela. To ka fara tambaya a wace ƙasa aka ɗauki hoton, da wane ganye tsutsar take ci, kafin ka yanke hukunci da launi.

Launi fa mayaudari ne wallahi. Papilio dardanus na Afirka, namijin fari-fari ne mai jela, amma macen a yawancin wurare babu jela, ta kwaikwayi kamannin wasu masu guba don tsuntsaye su ƙyale ta, sai mutum ya rantse iri biyu ne daban. A Madagaska kuma macen kamar namijin take. A Amurka ma wasu matan Papilio glaucus baƙaƙe ne alhali mazan rawaya ne masu zane irin na damisa.

Masu lemu kuma ku duba ganye da kyau, abin da kuke cewa kashin tsuntsu ne sau da yawa ƙaramar tsutsar Papilio demodocus ce, idan ta girma ta koma koriya, in ka taɓa ta sai ta fito da wasu ƙahoni biyu masu wari ta bayan kai. Ba ta harbi. A ƙananan dashe a tsince da hannu kawai ya wadatar, ba sai an sayo magani ba.