Yadda ake ƙarfafa fatar ƙarhe don kar ya yi saurin cinyewa

Maƙera da masu walda na Maradi kun san matsalar nan, bakin garma ko ƙarhen injin matsar gyaɗa, rairayi da guga su cinye shi tun damina ba ta raba ba. Sifirin mota in ka gasa shi ya yi ja ka tsoma a baƙin mai yana tauri, don akwai kabon (sinadarin da ke cikin gawayi) da yawa cikinshi, amma ƙarhe mai laushi irin rodin gini ko sau nawa ka tsoma ba ya yin taurin kirki. Irin wanga sai an ciyar da fatarshi, wato a sa wani sinadari ya shiga samanshi don ya yi tauri.

Hanya mai sauƙin ita ce ta gawayi. Ka goge tsatsa da maiƙo tas, ka binne ƙarhen cikin dakakken gawayi a akwatin ƙarhe, ka liƙe bakin da yumɓu, wuta ta kai wajen digiri 900 zuwa 950 na ma'aunin Celsius ta zamna haka awa 4 zuwa 6, kabon zai shiga kusan milimita 1. Sai ka tsoma shi da zahinshi, bayan nan ka ɗan ɗumama shi wajen digiri 180 don kar ya riƙa tsagewa.

Ta boron, wani sinadari mai sa fatar ƙarhe tauri ƙwarai, ita ce babba, amma fa ba aikin zugazugi ba ne, sai tanda mai ma'aunin zahi. Garin da anka saba haɗawa: B4C (mai ba da boron) kashi 5, KBF4 (mai taimaka ma boron shiga ƙarhe) kashi 5, SiC (garin ciko) kashi 90. Ka binne ƙarhen ciki ka ruhe, digiri 850 zuwa 950, awa 2 zuwa 8, kuma a nan ba a gaggawar tsomawa, a bar akwatin ya huce da kanshi. Fatar da ke hitowa siririya ce ƙwarai, galibi ba ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na milimita, amma taurinta na kai 1800 HV (ma'aunin taurin ƙarhe), ninki biyu na ƙarhen da anka tsoma, magagari ma zamewa yake. Wuta ko lokaci in sunka yi yawa sai FeB, irin fatar da boron ya yi ma yawa, ya taru a sama, shi ko ɓarewa yake, Fe2B mai ƙarancin boron ake so.

Hayaƙin KBF4 guba ne wallahi, a yi a sarari. Gyaran girma da wasa baki duk a gama kahin a sa wuta, in ka wasa daga baya ka kankare aikinka. Gatari da guduma ko kar ka ɓata kuɗinka, fatar na jure guga amma ba ta son duka.